Ƙiba ce ko kumburi? Yadda kalmomin ci gaba ke aiki a labarai da sharhi

A tsakiyar watan Fabrairun 2025 ina zaune a teburin mai shayin unguwarmu, rediyo na rataye a jikin ƙusa, sai mai karanta labarai ya ce hauhawar farashi a Najeriya ta sauka daga kashi 34.8 zuwa kashi 24.48 cikin 100. Wani dattijo mai gadi da ke gefena ya ajiye kofinsa, ya dubi mai shayi ya ce, "To Malam, ka dai ji da kunnenka. Sai ka rage mana kuɗin burodi." Mai shayi yana fasa ƙwai, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Baba, jiya-jiyan nan na saro sukari da madara, wallahi ko kwabo ba a rage mini ba."

A cikin su ukun babu wanda ya yi ƙarya. Alƙaluman da aka karanta su ne Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar. Abin da dattijo ya fahimta shi ne abin da kalmar "sauka" take nufi a bakin kowane Bahaushe. Mai shayi kuma ya faɗi abin da ya tarar a kasuwa. Matsalar tana tsakanin lamba da kalmar da aka ɗora mata, kuma na daɗe ina ganin wannan giɓi ne yake cinye amanar da ke tsakanin masu rubuta labarai da masu sauraro.

Mu fara da kalmomin kansu, domin a Hausa kusan duk kalmar da muke bayyana girma da ita takan zo da albarka a goye. Idan mutum ya ce maka "mun samu ƙaruwa", ba sai ya ƙara bayani ba, ka san haihuwa aka yi, sai ka ce Allah ya raya. Ɗalibi yakan tashi daga gaban malami ya ce "na ƙaru". Bunƙasa kuwa ta gari ce da kasuwa da sana'a: ƙauyen da aka sani da 'yan bukkoki ya zama gari, kasuwar da ke watsewa da azahar ta koma ci har dare. Haɓaka ta ɗan fi su faɗi, tunda gobara ma tana haɓaka, amma da zarar an jingina ta da dukiya ko kasuwanci, alheri kunne yake ji. Ita "ci gaba" fuska biyu gare ta. Akwai ci gaba na ɗorewa a kan abin da ake yi, kamar a ce ruwa ya ci gaba da zuba ko farashi ya ci gaba da tashi, wanda bai ce komai ba game da kyau ko muni. Akwai kuma ci gaba na ɗaukaka da kyautatuwar hali. Bahaushe ya san ana iya rikita su, shi ya sa tun tuni ya ware wani iri ya kira shi ci gaban mai haƙan rijiya.

Sannan ga "tattalin arziki" shi kansa. Tattali lallaɓa abu ne da adana shi, irin na uwargidan da ke sa mudu ɗaya ya yi aikin mudu biyu. Arziki kuma ya wuce kuɗi. Muna cewa ɗan arziki, mutanen arziki, an yi abin arziki, an rabu cikin arziki. Don haka idan aka ce "tattalin arziki ya bunƙasa da kashi 3 cikin 100", an jera wa mai sauraro kalmomin alheri uku a jumla guda, shi kuma ya ji cewa wadata ta ƙaru a ƙasa, har ya fara tambayar ina rabonsa.

Abin da aka auna bai kai nan ba. Ma'aunin da ake kira GDP jimilla ce ta darajar kaya da ayyukan da aka samar a cikin ƙasa a wata uku ko a shekara: gangar ɗanyen mai, buhun masara, kiran waya, hidimar banki, siminti, kuɗin mota. Ana haɗa su a kwatanta da na irin wannan lokaci a bara, bayan an cire tasirin tashin farashi. Ma'auni ne mai amfani, babu ƙasar da za ta tsara kasafi ba tare da shi ba. Amma ba ya tambayar aljihun wa kuɗin suka shiga, ba ya sanin ko yaro ya je makaranta ko mai naƙuda ta samu ungozoma. Simon Kuznets, masanin da ya jagoranci haɗa lissafin kuɗin shigar ƙasa a Amurka, tun a rahotonsa na 1934 ya gargaɗi majalisar dokokin ƙasar cewa ba a iya gane walwalar al'umma daga wannan lissafi kaɗai. A 1990 ne hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa jagorancin Mahbub ul Haq ɗan Pakistan, ta fito da wani ma'auni daban da ya haɗa tsawon rai da ilimi da abin da mutum ke samu. Masana tattalin arziki suna da suna daban ga kowanne, ɗaya na ƙaruwar abin da ake samarwa, ɗaya na kyautatuwar rayuwa. Idan sun iso ɗakin labaranmu, sau da yawa duka biyun sukan fito a matsayin "ci gaba" ko "bunƙasa".

Mu koma wurin mai shayi. Hauhawar farashi ba farashi ba ce, saurin tashinsa ce. A ce mudun gero naira 1,000 ne. Idan ya hau da kashi 35 a shekara, ya zama 1,350. Idan a shekara ta biyu hauhawar ta sauko zuwa kashi 25, mudun ya kusa 1,690. Lambar da ake karantawa a rediyo ta ragu da goma, mai cefane kuwa ya ƙara kusan abin da ya ƙara bara. Motar tana nan tana hawa tudu, gudu kawai ta rage. Sai lambar ta faɗi ƙasa da sifili kafin a ce farashin kaya gaba ɗaya ya sauka.

Na taɓa faɗawa wannan rami da kaina. Ina sabon shiga a wani ɗakin labarai, saura 'yan mintoci a shiga, aka miƙo mini takarda, na rubuta "farashin kayan masarufi ya sauka", aka karanta haka. Washegari na je gaida ƙanwar mahaifiyata mai tuyar ƙosai, ta ce, "Ɗana, wace kasuwa ce wake da mai suka sauka? Ka faɗa mini in aika a saro." Da gaske take tambaya, ba gatse ba, domin ta yarda da abin da rediyo ya faɗa. Na rasa abin da zan ce mata sai "Inna, kuskurena ne." Tun daga ranar nake tsayawa a kan kalmar sauka kafin in rubuta ta.

A labarin Fabrairun 2025 akwai ma wani abu na biyu. Lambobin biyu ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Hukumar ƙididdiga ta sabunta kwandon kayan da take bibiyar farashinsu, ta matsar da shekarar da take kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma rage nauyin abinci a lissafin daga sama da rabi zuwa kusan kashi 40. Aikin yana da hujja, domin yadda mutane ke kashe kuɗi ya canza cikin shekara 15. Amma duk wanda ya taɓa awo a kasuwanni biyu ya san tiyar wani gari ba ta kai ta wani ba. Jera 34.8 da 24.48 a ce ɗaya ta sauka zuwa ɗaya, ba tare da an faɗi an canza kwanon awo ba, rabin labari ne.

Inda kalmar ƙaruwa ta fi ruɗar da mu shi ne wurin kuɗi. Ƙiba daban, kumburi daban, ko da yake daga nesa duka biyun girman jiki ne. Naira ta kumbura lambobinmu. Kasafin kuɗin tarayya na 2023 naira tiriliyan 21.83 ne, na 2025 kuma tiriliyan 54.99, aka yi ta kiransa mafi girma a tarihi. A naira, a lokacin, haka ne. Amma an gina na 2023 a kan dala ɗaya naira 435 da 'yan kai, na 2025 kuma a kan naira 1,500. Idan ka yi lissafi, na farko ya kai kimanin dala biliyan 50, na biyu bai kai biliyan 37 ba. Ba duk abin da gwamnati ke saye ne da dala ba, wannan gaskiya ne, amma magani da taki da injuna da kayan gyara duk dala suke bi.

Haka mafi ƙarancin albashi. Naira 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a watan Yulin 2024. Kowane ƙari an yi shelarsa a matsayin ci gaban ma'aikata. A farashin dala na kowane lokaci, na 2011 ya kai wajen dala 120, na 2019 ya haura 80 kaɗan, na 2024 kuwa bai kai 50 ba. Leburan da ke karɓar albashin ba ya buƙatar wannan lissafi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, shi kuwa ya san ranar da buhun gidansa ke ƙarewa a wata.

Wani abokina mai harkar hatsi a Dawanau ya taƙaita mini abin a rumfarsa, muna zaune kan buhunan dawa. Ya ce, "Malam, in ka duba littafina za ka ce na yi arziki, kuɗin da nake juyawa sun ninka na da. Amma da ni kaɗai nake cika mota, yanzu sai mun haɗa hannu mu biyu." Jarinsa ya ƙaru a takarda, ya ragu a buhu. Idan ɗan jarida ya zo ya ɗauki lambar littafin ya rubuta cewa kasuwancin hatsi ya haɓaka, bai ƙirƙiri komai ba, amma ya ba da labarin da mai rumfar kansa ba zai gane ba. Irin wannan ne ke faruwa duk lokacin da aka ce kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ya ƙaru ƙwarai a naira, kuma daidai ne a tambayi gwamnoni ina kuɗin suke. Tambayar za ta fi ƙarfi idan an faɗi buhun siminti nawa kuɗin ke saye yanzu, nawa suke saye da.

Wannan wuƙa tana yanka ta kowane gefe, ba masu mulki kaɗai ke amfana da ita ba. Ofishin kula da basuka ya nuna bashin Najeriya ya tashi daga naira tiriliyan 49.85 a ƙarshen Maris na 2023 zuwa tiriliyan 87.38 a ƙarshen Yuni. Masu suka suka yi ta rubuta cewa bashi ya yi tashin gwauron zabi cikin wata uku, kamar an fita an ciyo sabo. Mafi yawan ƙarin ya fito ne daga abu biyu: an shigar da tsohon bashin naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta riga ta karɓa daga Babban Banki cikin lissafi, sannan faɗuwar naira a watan Yuni ta kumbura darajar bashin waje idan aka mayar da shi naira. Nauyin bashin gaskiya ne, biyansa ma ya ƙara wuya. Amma "an ciyo" da "an ƙirga" ba ɗaya ba ne.

Babban misalin da ba na mantawa shi ne na ranar Lahadi 6 ga Afrilun 2014. Ranar ce hukumar ƙididdiga, ƙarƙashin Yemi Kale, ta sanar da cewa ta sauya shekarar tushen lissafin GDP daga 1990 zuwa 2010. Nan take girman tattalin arzikin Najeriya na 2013 ya tashi daga kimanin naira tiriliyan 42 zuwa tiriliyan 80, wato wajen dala biliyan 510, ƙarin kusan kashi 89 cikin 100. Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu, ta zama ta ɗaya a nahiyar. Tsakanin daren Asabar da safiyar Litinin ba a gina masana'anta ko ɗaya ba. An dai ƙirga abin da da ba a ƙirgawa yadda ya kamata. A 1990 babu wayar salula a Najeriya, harkar finafinai ba ta kai ta kawo ba, don haka tsohon lissafi bai ba su nauyin da suka cancanta ba. Aikin gyara ne da ya daɗe da kamata a yi. Kalmar da ta dace da shi ita ce "an gano ya fi yadda ake zato girma". Da yawa suka rubuta "ya bunƙasa", 'yan siyasa kuma suka ɗauka suka shiga da ita yaƙin neman zaɓen 2015.

An sake irin wannan gyara a watan Yulin 2025, aka mayar da shekarar tushe 2019, lissafin 2024 ya tashi zuwa naira tiriliyan 372.8. Wannan karon ma an ji kalmar ƙaruwa. Amma a dala, adadin ya tsaya a wajen biliyan 243, bai kai rabin abin da aka yi murna da shi a 2014 ba. Duk lambobin nan daidai suke. Wadda marubuci ya zaɓa ya sa a kanun labari ita ce take nuna inda ya karkata.

Sai tambayar da aka fi tsallakewa: mutum nawa za su raba? Lokacin da Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu, mutanenmu sun ninka nasu sama da sau uku, don haka kason mutum ɗaya a can ya ninka namu fiye da sau biyu. Magidancin da rumbunsa ya ƙaru da dami biyu, bakin da yake ciyarwa kuma ya ƙaru da uku, ba zai ce ya samu yalwa ba ko da maƙwabta sun ga rumbu ya fi na bara cika. Yawan jama'ar Najeriya yana ƙaruwa da sama da kashi 2 cikin 100 duk shekara. A 2016 tattalin arziki ya ragu da kusan kashi 1.6, a 2017 ya ƙaru da ƙasa da kashi 1, a 2018 da kusan kashi 2, a 2019 ya ɗan haura 2, a 2020 ya sake raguwa. A uku daga cikin shekarun nan biyar an rubuta cewa ya bunƙasa, alhali a mafi yawansu kason mutum ɗaya raguwa yake yi. A Nijar, inda ƙaruwar jama'a ta haura kashi 3 a shekara, wannan lissafi ya fi tsanani: lambar da za ta burge wata ƙasa, a can da ƙyar take riƙe mutane a inda suke. A Najeriya kuma adadin da ake rabawa da shi ƙiyasi ne, tunda rabonmu da ƙidaya tun 2006.

Daga ina aka taso ma yana da muhimmanci. A wata uku na biyu na 2020, lokacin kullen korona, tattalin arzikin Najeriya ya ragu da kashi 6.1. A irin wannan lokaci na 2021 ya ƙaru da kashi 5.01, aka yi ta cewa ba a ga irin wannan haɓaka ba cikin shekaru. Ɗauki 100, cire 6.1, saura 93.9. Ƙara mata kashi 5.01, ka samu 98.6. Ba a ma koma inda ake a 2019 ba. Hausa tana da kalmomin wannan hali, kuma sun fi "bunƙasa" gaskiya: farfaɗowa, murmurewa. Wanda ya tashi daga jinya ya mayar da rabin naman jikinsa, samun sauƙi ya yi. Haka kuma idan an ce ƙasa ta fita daga masassarar tattalin arziki, abin da ake nufi shi ne an daina raguwa. A 2017 an fita ne da ƙarin da bai kai kashi 1 ba, a ƙarshen 2020 kuma da kashi 0.11. Zazzaɓi ya sauka, mara lafiya yana kwance tukuna.

Kuma ina ne abin ya ƙaru? Wannan ya shafe mu a Arewa kai tsaye. A 'yan shekarun nan sadarwa da harkar bankuna ne suka fi jan lambar sama, noma kuwa, inda mafi yawan mutanenmu suke, ƙaruwarsa ba ta kai kashi 2 ba a 2023. Sadarwa da banki suna iya ninka ciniki ba tare da sun ɗauki ma'aikata masu yawa ba. Masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, waɗanda suka taɓa ɗaukar dubban mutane, da yawansu sun rufe ne a shekarun da lambar ƙasa ke hawa da kyau. A watan Nuwamban 2022 ita dai wannan hukuma ta ƙididdiga ta fitar da rahoton da ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kamar ilimi da lafiya da ruwa da makamashin girki. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A Sakkwato adadin ya kai kashi 91, a Ondo kashi 27. Lamba ɗaya ta ƙasa ba za ta iya ba da labarin waɗannan jihohi biyu a lokaci guda ba.

Lissafin rashin aikin yi kuwa ba sai na daɗe a kai ba. Kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020, sai ga shi kashi 4.1 a farkon 2023. Ba ayyuka ne suka ƙaru haka ba, ma'anar "mai aiki" aka sauya zuwa ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya, inda wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako ya shiga lissafi. Matashin da ya yi dako sau ɗaya ranar kasuwa ya zama mai aiki.

Akwai wata hanya da kalmomin nan ke shigowa wadda babu lamba a cikinta sam, kuma ita ce ta fi yawa. Buɗe kowane shafin labarai ka ƙirga sau nawa za ka ga "domin bunƙasa noma", "da nufin haɓaka ilimi", "a ƙoƙarin ciyar da jihar gaba". A nan bunƙasar ba ta faru ba, niyya ce, kuma yawanci daga takardar sanarwar ofishin gwamnati aka kwafo ta. Abin da ya faru shi ne an ƙaddamar, an rattaba hannu, an kafa kwamiti, an ware kuɗi. Amma kalmar alherin ta riga ta shiga kunne, ba kuma a cika komawa bayan shekara biyu a ga ko abin ya tsiro ba. Shirin nan na hangen 2020 ya yi alkawarin sa Najeriya cikin ƙasashe 20 mafi ƙarfin tattalin arziki, da GDP na dala biliyan 900 da kason mutum ɗaya dala 4,000. Da 2020 ta zo, an samu kusan rabin kowanne. Yanzu ana maganar dala tiriliyan ɗaya nan da 2030. Ba laifi ba ne shugaba ya yi buri, amma aikin mai rahoto ne ya bar buri a matsayin buri. Haka hasashen Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni: "ana hasashen zai ƙaru" yakan rikiɗe a kanun labari ya zama "zai ƙaru", alhali su masu hasashen sukan gyara lambarsu fiye da sau ɗaya a shekara. Ko sunan da muke kiran kanmu da shi, ƙasashe masu tasowa, alkawari ne a ɓoye, domin yaro mai tasowa ba makawa zai girma in da rai. Ƙasa kuwa ba ta da wannan tabbaci.

Masu rubutun ra'ayi suna da 'yancin da mai rahoto ba shi da shi, kuma a nan ne kalmomin suke zama makami. Mai goyon bayan gwamnati yakan auna ci gaba da abin da ido ke gani: gadar sama, titi mai fitilu, sabuwar sakatariya. Gada tana da amfani, duk wanda ya san cunkoson Ƙofar Nassarawa a da ba zai musa ba. Amma an fi son ta a rubutu saboda ana iya ɗaukar hotonta, alhali malamin firamare da aka horar ko allurar rigakafin da ta hana ƙyanda ba su da hoton da zai burge. Mai adawa kuma yakan ɗauki kishiyoyin kalmomin, durƙushewa, rugujewa, mutuwa, ya ce duk lambar da ta fito daga gwamnati ƙarya ce. Wannan ma ba na tare da shi. Hukumar da ta ce tattalin arziki ya ƙaru ita ce ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci, ba daidai ba ne ka karɓi wadda ta yi maka daɗi ka ƙaryata ɗayar. Kuma akwai ƙaruwar da ta zama ci gaba na haƙiƙa. Kafin a ba da lasisin wayar salula a 2001, layukan waya a faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Yau manomi a ƙauye yana jin farashin Dawanau kafin ya ɗaure buhu, ɗan ci-rani a Legas yana tura wa mahaifiyarsa kuɗi a minti ɗaya. Wanda ya ce babu abin da ya taɓa ci gaba ya yi wa gaskiya irin ɓarnar da mai cewa komai na bunƙasa ya yi mata.

Na san uzurin ɗakin labarai, domin na zauna a ciki. Lokaci gajere ne, kanun labari ba ya ɗaukar dogon bayani, takardar kuma da Turanci take zuwa, cike da kalmomin da babu wanda ya zauna ya daidaita mana su. Amma Hausa ba ta gaza ba. Muna da ƙaruwa ga adadi tsagwaronsa, farfaɗowa ga wanda ya faɗi yake tashi, kumbura ga lambar da faɗuwar naira ta hura, yalwa da wadata ga abin da ya isa gidajen mutane. Da ni aka ba labarin da aka karanta a teburin mai shayi, da na rubuta: "Farashin kaya na ci gaba da tashi a Najeriya, sai dai hukumar ƙididdiga ta ce saurin tashin ya koma kashi 24.48 cikin 100, bayan ta sauya yadda take lissafi." Ya fi wancan tsawo da 'yan daƙiƙoƙi, edita zai iya cewa a rage.

Inda har yanzu nake ganin saura aiki shi ne raguwar saurin hauhawa, wadda ba mu da kalma guda da aka yarda da ita. Wani gidan rediyo ya ce ta sauka, wani ya ce ta ragu, wani ya ce ta sassauta, wani ya ce ta lafa. Ni na fi karkata ga "ta rage gudu", domin duk wanda ya taɓa shiga mota ya san mai rage gudu bai tsaya ba, balle a ce ya juyo. Na gwada ta a kan Inna da na je gaishe ta kwanan baya, tana juya ƙosai a kasko. Ta ce, "Wato dai yana tafiya." Na ce, "Yana tafiya, Inna." Ta ce to a auno mata wake yau, kada a bari sai jibi.